Yatsu Uku Don Nuriyya

Inna Hansai ba ta san kwana-kwana ba. Da aka sa ranar bikin Nuriyya, ta tako har gidansu a unguwar Gardole, ta zauna a kan tabarma, ta shanye karkanji, wato zoɓon da aka kawo mata, sannan ta dubi Ghali ta ce, "Ranar kamu da ranar wuni ka kaɗa abinka har unguwa ta kurumce. Amma in na ɗauko waƙar rakiya, ka kashe fiyanon nan naka. Da ƙwarya zan yi ta."

Ghali ya ajiye kofinsa a hankali. Shi ne yayan amarya, ciki ɗaya, shi kuma ya riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarsu Zuwaira, har ta gama makarantar ungozoma, ta zaɓo wa kanta wani Abdussamad mai aiki a Abeshe. Shi ne kuma makaɗin Inna Hansai. Duk bikin Bahaushe da za a yi a Njamena, in ka ga tsohuwar riƙe da makirfo, waiga hagunta za ka gan shi a bayan fiyano yana gyaɗa kai.

Ita kuwa waƙar rakiya ta gidansu ce. Kakansu na wajen uwa ya taso daga Damagaram a ƙafa da niyyar Makka, ya iso bakin kogin Shari, ya ce bari a huta damina ɗaya. Daminar ce har yau ba ta ƙare ba. Matarsa ce ta haɗa waƙar a hanya, ta bar wa 'yarta Zuwaira. Zuwaira ta yi ta raka 'ya'yan mutane da ita, aminiyarta Hansai tana yi mata amshi. Da Zuwaira ta rasu, waƙar ta koma bakin Hansai. Yanzu ga 'yar Zuwaira tilo za ta fita daga gida, an ce ɗan Zuwaira ya naɗe hannu ya zama ɗan kallo.

"Inna, ƙanwata ce fa," in ji shi.

"Shi ya sa," in ji ta. "A bikin 'ya'yan wasu na daure, in abin ya ishe ni in ɗaga maka hannu ka yi shiru. Fiyanonka ba shi da kunya, Ghali. Ina kuka, shi yana washe baki. Ba zan tsaya ya yi wa 'yar Zuwaira dariya a bakin ƙofa ba. Kalas, magana ta ƙare."

Maganar ta yi masa zafi, abin da ya ƙara mata zafi kuwa shi ne ya san akwai gaskiya a ciki. Ya sha ganin hannun nan na hagu ya tashi sama a tsakiyar waƙa. Ya sha ganin mata sun fara jan majina, yana shigowa da kiɗa sai idanu su bushe, wata ma ta kama gyara ɗaurin ɗankwali kamar za a koma rawa. Dalilin ne bai sani ba. Ya ɗora laifin a kan sifika, ya canza ta. Ya ɗora a kan gangar da ke cikin fiyanon, ya kashe ta. Dariyar tana nan daram.

Ga yadda Ghali yake kiɗa. Fiyanon na hannu ya saye shi a kasuwar Dembe, babu kwali babu takarda. Yana da wani jan maɓalli wanda in ka danna shi, yatsa ɗaya ya ishe ka a hannun hagu: ka taɓa madanni guda, na'ura ta cika maka sauti sai ka ce mutum uku ne suka haɗu. Ghali kuwa Allah ya ba shi kunne. Mawaƙiya ta buɗe baki, kafin ta rufe ya gano inda take, ya ɗora yatsa. Da yatsan nan guda ya yi suna, ya aurar da rabin 'yan matan Gardole, bai taɓa tambayar abin da na'urar take ƙarawa a bayan idonsa ba.

Da rana shi ba makaɗi ba ne. Yana da rumfa a Shagwa, tsakanin mai walda da mai faci, inda yake gyaran amfili da sifika da rediyo. Usta ake ce masa a wurin, kamar yadda ake kiran duk gwanin sana'ar hannu. A can ne, ana tsakiyar zafin bazara, Metir Jimadum ya sauka daga kan kilando, wato babur ɗin haya, rungume da fiyano naɗe cikin zanen gado. Dattijo ne ɗan kudu, tsohon malamin makaranta, shi ya sa ake ce masa Metir, shi ke koyar da mawaƙan wani coci a unguwar. Madannai biyu sun mutu masa. Ghali ya kwance, ya zazzage gawar kyankyaso, ya liƙe wata waya da ta tsinke, ya jona da batir. Da Larabci suke magana, don dattijon ba ya jin Hausa. Ghali ya ce, "Gwada, Metir."

Dattijon ya gwada. Bai yi wata bajinta ba, hannun hagu kawai ya ɗora, ya sauya, ya sake sauyawa. A sauyi na uku Ghali ya tsaya cak da sukudireba a hannu. Sautin ya yi sanyi, ya sunkuyar da kai. Shi ne abin da ya yi shekaru yana lalube a cikin nasa fiyanon bai samu ba.

"Wane maɓalli ka danna?"

"Babu maɓalli, Usta. Yatsu uku ne."

Ghali ya so ya ji waƙar rakiya a kan sautin nan. A gidansu ba a rera waƙar rakiya sai amarya tana bakin ƙofa. Haka suka taso suka tarar. Zuwaira, wadda ko tsintsiya ta ɗauka sai ta yi mata waƙa, ba ta taɓa yin wannan a wurin shara ko wanke-wanke ba. Don haka ya bar kalmomin inda suke, ya rufe baki ya yi karin da hanci, yana satar kallon mai walda kada ya ji. Metir ya saurara, ya bi shi sannu da hannun hagu. Har aka kai ƙarshen baiti Ghali bai ji dariyar nan ba. Ya ce gobe zai kawo nasa fiyanon a duba masa, don lallai akwai abin da ya lalace a ciki.

Washegari ya same shi a tsakar gidansa, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Ya kunna wani tsohon bidiyon biki da ke wayarsa, muryar Inna Hansai ta fito, ya danna jan maɓalli ya bi ta yadda ya saba. Metir ya yi dariya har sai da ya cire tabarau.

"Fiyanonka lafiyarsa lau," in ji shi. "Abin da ka sa shi, shi yake yi. Tsohuwarka a gidan Sol take waƙa. Gidan nan mutum bakwai ne: Sol, La, Si, Do, Re, Mi, Fa diyez. Inda take son ta tsaya ta yi baƙin cikinta, a kan na shida take tsayawa, wato Mi. Kunnenka ya gano Mi, seme, da kyau, ka danna Mi. To, na'urarka akor, wato haɗin sauti uku, iri ɗaya take ba ka, majer, mai fara'a. Ta ɗauko Mi, ta ɗauko Si, ta cusa wannan a tsakiya." Ya taɓa baƙin madannin da ke dama da Sol. "Wannan ba ɗan gida ba ne. Tsohuwa tana rera Sol, shi yana gefenta yana yi mata gwalo."

Ya saukar da yatsan tsakiya rabin taki, daga baƙi zuwa fari. Nan take sautin ya sunkuya. Ghali ya dubi tazarar, ko faɗin ɗan yatsa ba ta kai ba. A kan wannan 'yar tazarar Inna Hansai ta yi shekaru tana ɗaga masa hannu a gaban mata. Kunya ta kama shi, haushi ma ya kama shi, amma bai ga wanda zai ji haushinsa ba sai kansa.

Daga ranar, in ya rufe rumfa bayan la'asar sai ya ratsa ta gidan Metir. Mai faci ya ce masa, "Usta, in dai ranar Lahadi na gan ka da kwat, ba ruwana." Ghali ya ce masa ya kula da tayoyinsa. Sharaɗin Metir na farko shi ne a kashe jan maɓalli, kuma da yake bai yarda da ɗalibinsa ba, sai da ya liƙe shi da salatif.

Ƙa'idar ba ta da yawa. Ka jera mutanen gida su bakwai. Ka tsaya a kan wanda kake so, ka ɗauke shi, ka tsallake na gaba, ka ɗauki ɗaya, ka tsallake, ka ɗauki ɗaya. Ukun da ke hannunka su ne akor ɗinsa, kuma ba a aron kowa daga maƙwabta. In ka bi su haka daga na ɗaya har na bakwai, halinsu zai fito da kansa. Na ɗaya da na huɗu da na biyar majer ne, masu fara'a. Na biyu da na uku da na shida miner ne, masu sanyin jiki. Na bakwai kuwa, wanda Metir yake kira diminuye, Ghali ya sa masa suna mai jiran kilando, don a tsaye yake, ba ya iya zama, sai an koma na ɗaya hankalinsa yake kwanciya.

Ganewa ba ta ba shi wuya ba, yatsu ne suka yi masa gardama. Hannun da ya saba da filaya da ƙarfen dalma bai san ladabi ba. Ɗan ƙaramin yatsa ya ƙi miƙewa, na tsakiya kullum sai ya danne maƙwabcinsa. Metir ba ya kiran suna, lamba yake kira yana kaɗa ƙafa: "Ɗaya. Shida. Huɗu. Biyu. Biyar." Ghali yana bi yana tuntuɓe, gumi yana jiƙa masa riga. Mutumin da ake yi wa guɗa a wuraren biki ya koma abin tausayi, har matar Metir, tana tsinar karkashi a gindin murhu, takan ce, "Usta, huɗu aka ce, ba biyar ba," ba tare da ta ɗago kai ba.

Wata rana ya gaji, ya ce, "Metir, ni fa na aurar da mutane da yawa ba tare da wannan lissafin ba."

"Na sani," in ji dattijon. "Ka sa su rawa. Ai ba rawa ka zo nema wurina ba."

Ghali ya mayar da hannu kan na shida.

Inda suka saɓa da gaske shi ne a kan sauran gidaje. Metir ya ce gidajen majer goma sha biyu ne. Kowane madanni, fari ko baƙi, yana iya zama maigida. Hanyar jera mutanensa ɗaya ce, daga maigida ka yi taki, taki, rabi, taki, taki, taki, rabi. Halin 'yan gida ma ɗaya ne: na shida miner ne a gidan Sol, miner ne a gidan Do, miner ne duk inda ka je. Ghali ya ji, ya kuma yarda, amma ya ce shi ba yawon ziyara ya zo ba. Ya duba duk bidiyon bukukuwan da ke wayarsa, Inna Hansai ba ta taɓa fita daga Sol ba. Biki ya matso, gida ɗaya yake so ya iya, ya iya shi sosai.

"Wayarka ce take Sol," in ji Metir. "Tsohuwar mutum ce. Tana mura, tana gajiya, tana tsufa."

Ghali ya yi masa irin "to" ɗin da ake yi wa manya. Don dai kada dattijon ya ji haushi, ya leƙa gidan Do da na Re da na Fa. Wanda yake farawa daga baƙin madannin da ke hagu da Sol, wato Sol bemol, sau ɗaya ya shiga, ya tarar kusan kowa a ciki baƙi ne, madannan sirara, yatsu suna zamewa, ya fito da gudu. Ya koma Sol ɗinsa ya haddace shi, har yana dannawa a kan teburin rumfa, a kan tankin babur, a kan gwiwarsa bayan an sallame salla.

Da ya ga hannu ya faɗa, sai ya ɗaure fiyano a bayan babur ya nufi gidan Inna Hansai. Nuriyya ta bi shi, za ta kai wa tsohuwar ankon biki.

"Inna, baiti ɗaya kawai za ki yi, ki ji abin da na koyo."

"A ɗakina? Wace amarya ka gani a bakin ƙofa?" Ta ci gaba da warware atamfar tana duba zanen. "Ba a gwajinta, kai ma ka sani. Kuma me ka koyo a 'yan kwanakin nan da ba ka koya ba tun kana saurayi?"

"Yatsu uku nake sawa yanzu."

"Da yatsa ɗaya ka addabe ni, shi ne ka ƙaro biyu."

Nuriyya ce ta raba gardamar. Ta ce, "Inna, ni dai kuka ba zan yi ba, na gaya wa kowa. Ni na zaɓi mijina, Abeshe kuma ba bangon duniya ba ce, akwai waya, akwai mota. Amma in za a yi mini waƙar Umma, ina so a ce da hannun Yaya a ciki. Ko dariyar ce, tasa ce, na saba da ita."

Inna Hansai ta ajiye atamfar, ta daɗe tana kallonta. Da alama Zuwaira ta gani a fuskar, don da ta yi magana muryarta ta sauka. "To, ya kaɗa. Amma hannuna yana nan. In na ɗaga shi, ɗan Zuwaira, ka kashe. Ba ƙarshen baiti ba, nan take. Kuma daga ranar kada ka sake roƙona a kan waƙar nan."

Ghali ya ce ya ji. A hanyar komawa Nuriyya, daga bayan babur, ta ce, "Yaya, kada ka sa abin a ranka. Ko ta ɗaga hannun ba komai." Ghali ya ci gaba da tuƙi. A wurinta ba komai ba ne. A wurinsa shi ne abu na ƙarshe da zai yi mata tana 'yar gidansu, kuma yana tsoron ya ɓata shi.

Aka yi kamu, aka yi wuni. Ghali ya ɓare salatif ya saki jan maɓallinsa, mata suka yi rawa har tabarmi suka tattare. Inna Hansai ta ƙi miƙa wa kowa makirfo. 'Yar Zuwaira ce ake aurarwa, ta ce ba wadda za ta kama mata. Ta yi waƙoƙin Hausa, ta yi na Larabci, tana korawa da ruwan ƙanƙara duk da ana hana ta. Ghali ya ji muryar ta fara kaushi tun ranar wuni da yamma, amma bai kawo komai a ransa ba, hankalinsa yana kan Sol.

Ranar tafiya da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka loda akwatuna, aka ɗaure randar ƙasa ƙirar garin Gawi a sama cikin tsummoki, kowace tsohuwa tana koya wa direba yadda zai bi da ita a ramuka. Mata cikin laffaya sun cika zaure da tsakar gida, turaren wuta ya turnuƙe ko'ina. Ghali ya kafa fiyano a gindin katanga, ya zaɓi muryar da Metir ya ba shi shawara, mai ja ba ta yankewa muddin yatsa yana kai. Ya tabbatar jan maɓalli a kashe yake, ya jera yatsu uku a kan Sol da Si da Re, yana jira. Aka fito da Nuriyya lulluɓe, tana takawa kamar mai zuwa asibiti aiki. Inna Hansai ta ajiye makirfo, don wannan waƙar ba ta yin ta da shi. Ta tsaya a bakin zaure ta buɗe baki:

"Hanya ce ta kawo mu, 'yata,
yau hanya ta zo aronki."

Ghali ya taɓa Sol kaɗan. Yau tsohuwar ba ta kan Sol. Muryar ta dishe, ta zauna ƙasa da inda ta saba, rabin taki kacal. Kunnensa bai taɓa yi masa ƙarya ba, yau ma bai yi ba: yatsan ya zame hagu da kansa, ya sauka a kan baƙin madanni. Sol bemol ne, gidan da ya shiga sau ɗaya ya fito da gudu.

Duk haddar da ya yi a kan tankin babur ta tashi a banza. Jan maɓalli yana nan kusa da babban yatsansa, kuma a wurinsa duk gidaje ɗaya ne, yatsa guda ya gama magana. Ghali ya dube shi, ya dubi hannun hagun Inna Hansai da ke rataye a gefenta. Ya san abin da na'urar za ta cusa a tsakiya, ya san abin da hannun zai yi. Ya janye yatsan.

Baiti na farko ya wuce babu shi. Ya ga kan Nuriyya, ƙarƙashin mayafi, ya ɗan juyo wajen katanga. Ya rage muryar fiyanon gaba ɗaya, ya kama ƙirga kamar ɗan aji ɗaya: taki, taki, rabi, taki, taki, taki. Baƙi, baƙi, baƙi, fari, baƙi, baƙi, fari. Bakwai sun cika. Ya tsaya kan maigida, ya ɗauka ya tsallake, ya ɗauka ya tsallake, baƙaƙe uku suka zo hannunsa. Ya ƙirga zuwa na shida, ya yi haka, nan ma baƙaƙe uku. Gumi yana shiga masa ido. Inna Hansai ta shiga baiti na biyu. Ya buɗe muryar fiyanon kaɗan, ya shimfiɗa na ɗaya a ƙarƙashin muryarta. Da ta gangaro inda take tsayawa, ya koma na shida.

Babu wadda ta waiga. Hannun bai motsa ba. Ghali ya sa hannun dama ya bi karin a hankali, sai ya tarar duk a kan baƙaƙe yake tafiya, gidan bai kai yadda ya tsorata da shi ba. A na huɗu yatsansa ya zame ya taɓa maƙwabci, kafaɗar tsohuwar ta ɗan ɗaga, ya gyara kafin ta ja numfashi. Wata mata a zaure ta fara jan majina, kuma wannan karon ba ta daina ba.

Al'adar waƙar ita ce a baitin ƙarshe a kira sunan uwar amarya, a roƙe ta ta saki hannun 'yarta. Inna Hansai ta yi wannan baitin a gidaje da yawa, da sunaye da yawa, uwar tana tsaye a gefe ana rarrashinta. Yau ta ja numfashi, ta ce, "Zuwaira," sai muryar ta tsaya. Hannunta na hagu ya tashi.

Ghali ya ɗauke yatsunsa nan take, kamar yadda aka yi alkawari. Gidan ya yi tsit, har ana jin ƙugin motar a waje. Bai san inda ya kuskure ba, amma ya san an gama. Ya kai hannu zai kashe fiyanon gaba ɗaya.

Inna Hansai ta juyo. Gefen laffayarta ne a hannun, ta kai shi ido, fuskarta ta jiƙe sharkaf. Ta harare shi irin hararar da ta saba.

"Wa ya ce ka sake ni?" in ji ta, da muryar da ta kusa ƙarewa. "Riƙe ni a nan, ɗan Zuwaira. Ba zan iya ƙarasa ta ni kaɗai ba."

Ya mayar da yatsu uku a kan na shida, ya riƙe. Ya riƙe har tsohuwar ta share ido, ta sake kama sunan daga inda ya faɗi, mata suka karɓa mata. Nuriyya, wadda ta gaya wa kowa ba za ta yi kuka ba, kafaɗunta suna rawa a ƙarƙashin mayafi. Da aka zo wucewa da ita ta gaban fiyanon, ta fito da hannu mai lalle ta dafa kafaɗarsa, aka ja ta zuwa mota. Ghali bai samu ɗago kai ba, don waƙar ba ta ƙare ba, saura daga na shida a je na huɗu, a je na biyar, a koma na ɗaya. Hawaye suna ɗiga a kan madannai, hannayensa duka biyu suna kan aiki, bai samu na share fuska ba.